Sawun da Nomau bai ɗauka ba

Ana sallame sallar asuba munka fito daga unguwarmu ta Jega Magaji, ni da ƙanena, shi da jaka ni da sanda. Ku da muke zama tare bakin rumfar albasa kun dame ni da tambayar inda na shiga kwana huɗu. To ga shi na rubuta da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci, don ba ni da ƙarfin maimaita ma kowa ɗai-ɗai. Wanda ya gama ya miƙa ma na kusa da shi.

Kun san ƙafata. Shekara tara ke nan gyambo na cin ta, can bisa idon sawu na hagu. Ya rufe wata biyu, ya buɗe wata shida. Abin da wasunku ba su sani ba, ko sun sani suna yi mini kara, shi ne abin da na yi ma Nomau.

Nomau ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana ta haife shi, ke nan taubashina ne. Tun muna yara zagin wasa ne gaisuwarmu. Gonakinmu na albasa a Kashin Zama iyaka ɗaya gare su. Wata rana na ratsa ta cikin fangalinsa don gajarta hanya, ya ɗago yana dariya ya ce, "Ƙafar ga da ke taka mini albasa, Allah sa ta ruɓe." Ni ma na mayar mashi da wadda ta fi ta muni, munka yi dariya, kowa ya kama aikinsa. Bayan wata biyu na raka babbar mota da albasa zuwa kurmi, kwana biyu ina naɗe bisa buhuna. Ina dawowa ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, daga baya ta fashe. Na tafi wurin wani mai duba, ya zana ƙasa ya ce an ɗauki sawuna, kuma na jikina ne ya ɗauka. Ban tsaya tambayar kowa ba. Ranar kasuwar Aliero, a tsakiyar 'yan albasa, na ɗaga murya na ce Nomau ya kwashi ƙasar sawuna ya kai an yi mini aiki. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Na ce rantsuwar ƙarya ya yi.

Daga ranar mutane sunka daina tafiya gabansa a kan hanya. In ya wuce ƙofar gida, mata su fito da tsintsiya su share sawun yaransu. Ya kira gayya, ba wanda ya zo. Bai cika shekara biyu ba ya bar gonar, ya ɗauki mahaifiyarsa ya koma Maiyama. Ni kuwa a lokacin daɗi na ji.

Abin da ya tayar da tafiyar nan wani likita ne a babban asibiti, watan da ya wuce. Ya duba ƙafar ya daɗe, ya tambayi yadda ta fara. Da na ambaci motar kurmi sai ya gyaɗa kai. Ya ce akwai mutanen da jininsu ke saurin daskarewa fiye da na kowa. Jinin ya yi guda cikin babbar jijiyar ƙafa, ya toshe hanya, jini ya kasa komawa sama da kyau, ƙafa ta yi ta kumbura har fata ta gaji ta fashe. Ya ce wani lokaci gado ake yi, kuma ba su da na'urar da za ta tabbatar a nan, sai dai tarihin gida. Ya ce, "Wa ke da irin wannan a gidanku?" Na ce babu. Ya ce, "Ka tambaya, ko kai ka yanke?" Ya ce in je in tambayi tsofaffi in dawo.

A tashar Jega mun tarar da rabin motocin, Birnin Kebbi sunka nufa. Tun da anka ba mu jiharmu ma'aikata ke ta kwasar kaya daga Sakkwato, katifa bisa katifa, har da tukunyar fulawa. Kuɗin mota ya ƙaru, kuma duk abin da ka tambaya sai a ce maka sabuwar jiha ce. Ko taya ce ta yi faci, sabuwar jiha. Mun samu fijo mai zuwa Aliero. Gaba mutum biyu ake sawa, amma wanda anka haɗa mu ya shaƙi iska sau ɗaya ya ce shi baya ya fi so. Amfanin gyambo ke nan guda ɗaya da na sani: ba a matse ka a mota.

Hanyar ba nisa. Bazara ce, an gama cirar albasa, duk inda ka duba buhuna ne jajaye a jere bakin titi, manyan motoci na jiran lodi. Warin albasa ya rufe nawa, na samu sauƙi. Kusa da shiga gari wani dattijo a baya ya ga sandata ya ce ko wurin masu ɗori za ni, don da ganin mai ɗingishi a motar Aliero kowa abin da yake zato ke nan. Na ce mashi nawa ba karaya ba ne, da karaya ce da tuni na manta.

Mun karya kumallo a tasha da masa da romon kai. Masar ta yi daɗi, romon ruwa ne anka nuna ma nama daga nesa. Daga nan munka hau kabu-kabu zuwa Kashin Zama. Rairayi ne, mashin na wutsil-wutsil, ƙafata na lilo tana bugawa kamar ana daka a ciki. Sau biyu na ce a tsaya in ɗora ta bisa kututture.

Wanda na zo gani tsohon wanzamin gidanmu ne. Shi ya yi mini kaciya, ubansa ya yi ma babana. Mun same shi gindin dogon yaro yana wasa aska, duk da idon ya yi rauni har ba mai ba shi kai yanzu. Bayan gaisuwa na faɗa mashi abin da likita ya ce in tambaya. Bai daina wasa askar ba.

Ya ce, "Ka taɓa ganin ƙwaurin babanka?"

Na buɗe baki in ce i, sai na tsaya. Babana ko noma yake da dogon wando yake yi, ɗaure a idon sawu. Ko alwala, bayan ɗaki yake zagawa. Ina da kamar shekara goma ya faɗi bakin rijiya yana dafe da ƙirji, kafin azahar an kai shi.

"Tashi ta dama ce," in ji tsohon. "Ni ke wanke mashi ita duk bayan kwana biyu, cikin turken awaki, don kada a gani. Kakanka kuma ubana ya yi ma."

Na ce, "Baba, kana garin ga na yi ma Nomau abin da na yi. Mi ya hana ka magana?"

"Wanzami ba ya fitar da abin da ya gani cikin gida. Kuma kai wurina ka zo? Wurin mai zanen ƙasa ka tafi." Ya gwada askar a gashin hannunsa. "Duk da haka na so in faɗi. Gwaggonka ta aiko ta hana. Tafi Maiyama ka tambaye ta dalili."

Hanyar fita gari ta gefen gonar Nomau take bi. Wani ne ke noma ta yanzu. Na juya fuska wajen gabas har munka wuce.

Kafin mutum ya je Maiyama daga Aliero sai ya dawo Jega. Muna sauka tasha ƙanena ya ce mu leƙa gida mu sha ruwa. Na ce a'a. Na san in na shiga gida na zauna, ba ni sake fitowa. Ya sayi goro da sabulu na gaisuwar Gwaggo, munka hau akori-kura tare da buhunan gishiri da wasu 'yan kasuwa. Wajen gada mata sunka yo ca da farantan soyayyen kifi, ƙanena ya saya, ni na kasa ci. Titin ramuka ne, direba na kauce ma ɗaya yana faɗawa biyu. Ruwan gulbi ya ja baya, shanu na kiwo a inda anka yanke shinkafa. A nan ƙanena ya ce, "Yaya, ni fa tun lokacin na ce maka mu bi a hankali." Na ce ya rufe mini baki. Gaskiya ya faɗi, shi ya sa.

Mun isa bayan la'asar. Gidan ƙarami ne, can gefen gari. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, tana zaune bisa tabarma tana tsince wake. Ta gane muryata kafin ta ga fuskata. Ta sa anka kawo ruwa da fura. Ta tambayi matata, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har wanda anka haifa bayan rabuwarmu. Ni dai ba ta tambayi lafiyata ba.

Na faɗa mata daga inda nake. Ba ta musa komai ba, ƙari ma ta yi. Ta ce suna da ƙanwa wadda ban sani ba, haihuwarta ta fari tana cikin wankan jego ƙafa ta kumbura har cinya, ranar sha biyu numfashi ya sarƙe, shi ke nan. Ta ce akwai wani baffansu ma da ake ce ma mai tsumma a ɓoye.

Na ce, "Gwaggo, ɗanki ne fa. Kina ji ina ɓata shi kika yi shiru?"

Ta ce, "Ɗiyanka mata nawa?"

Na ce huɗu.

"Na ƙanenka biyu. Na Nomau ukku. In anka ji gidan ga ciwon gado ke akwai, wa za ya zo neman aure? Haka uwayenmu sunka rufe, haka munka rufe. Na ce Nomau namiji ne, ya ɗauki magana, wata biyu an manta. Ban san bakinka zai yi nauyi haka ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Watau 'ya'yana ta rufa ma asiri da mutuncin ɗanta, ni kuwa ina can ina gaya ma mutane uwa ce ke goyon bayan maƙaryaci.

Gab da magariba Nomau ya shigo. Ɗinkin buhu yake yi a kasuwa yanzu. Ya rame, gemun ya yi fari, kuma yana jan ƙafa. Ya gaisa da ƙanena sosai, har da riƙe hannu. Ni ya dube ni kamar yadda ake duban bango. Ya zauna, ya ja wandonsa sama ba tare da kowa ya ce ya yi ba. Wuri ɗaya da nawa, hagu, bisa idon sawu, an shafe shi da dakakken ganye. Nashi ya fi nawa faɗi.

Ya ce ma ƙanena, ba ni ba, "Shekara ukku ke nan. Da ta fara, wani ɗan Aliero ya gani a masallaci, ya koma ya ce jifar da na yi ce ta dawo kaina. Tun ranar ko kemis ban je ba. In je in nuna ma wa?"

Na sauka daga tabarma na durƙusa, da ƙafar da komai. Na ce, "Nomau, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Waccan maganar a ina ka faɗe ta?"

Na ce kasuwar Aliero.

Ya ce, "To nan ɗakin tsohuwa ne." Ya sauke wandonsa ya fita alwala.

Gwaggo ta kama mini riga. Ta ce kada in kuskura in je kasuwar. Ta san an kawo kayan gaisuwar babbar ɗiyata daga Sabiyal, yaron kirki, ita ma yarinyar tana so. Ta ce in na tsaya a kasuwa na ce Nomau bai yi ba, za a ce to ƙafarsa fa, kuma ba ni da amsa sai in tona duka. Ta ce shekara tara ta ba da don kada a yi haka, kada in zubar mata da su a banza.

Kwana biyu munka ƙara a Maiyama muna jiran ranar kasuwa, ni kuma ban san ko zan je ba. Garin ba hayaniya kamar Jega. Da safe Fulani mata na shigowa da nono mai kyau, wanda ba a yi ma ruwa ba, kuma ya fi namu araha. Tuwon dawa da miyar kuka ake kawo mana daga ɗakin matar Nomau, da man shanu a kai, ba a taɓa ragewa ba. Shi dai ba ya ci da mu. Na je na zauna nesa da rumfarsa ina kallo. Yana zaune bisa ɗan kututture tun safe, ƙafar na rataye, daidai abin da likita ya ce kada in yi. Na so in je in ce ya ɗaga ta bisa buhu. Na rasa da wane baki.

A nan na yanke. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba. Na ga dai in anka bar shi haka ƙafar za ta kashe shi, kuma da sunan da na liƙa mashi za a binne shi.

Rana ta huɗu munka koma Jega munka wuce Aliero, ban yi ma Gwaggo sallama ba don na san abin da za ta ce. Kasuwa ta cika, rana ta take. Na nemi shugaban dillalan albasa na ce ina da magana. Ya san ni, ya san zancen, ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Ƙanena ya tallafa mini na hau bisa buhu biyu.

Ba ta tafi yadda na tsara ba. Rabin mutanen wurin yara ne lokacin da abin ya faru, ba su ma san wane ne Nomau ba. Wani mai saye daga kurmi ya ɗauka gwanjo ake, ya ɗaga hannu ya yi tayi, anka kwashe da dariya. Sai da na sake daga farko. Na ce ni wane ɗan wane, shekara tara da sunka wuce a nan wurin na ce Nomau ya ɗauki sawuna. Ƙarya na yi mashi. Rantsuwarsa gaskiya ce.

Sai wani daga baya ya ce, "To ai mun ji shi ma tashi ƙafar ta fashe."

Kamar yadda Gwaggo ta faɗi. Na ja wandona sama gaban jama'a. Na ce ga tawa. Babana ya yi, kakana ya yi, Nomau jikan kakana ne. A jininmu yake. Likita ya ce ba ya yaɗuwa ta cin abinci ko zama tare, kuma ba kowa a gida ke samu ba, amma gado ne, kuma ba wanda ya jefi wani. Ina cikin magana na hango baffan yaron Sabiyal tsaye kusa da sikeli. Ƙafar ya duba, bai dubi fuskata ba. Kafin in sauka ya juya ya shige cikin mutane. Anka ci gaba da ciniki. Dattijo ɗaya ne ya zo ya ba ni hannu, ya ce shi ma yana cikin waɗanda sunka ƙi zuwa gayyar.

Mun iso gida da yamma. Labarin ya riga ni, don motocin Aliero sun fi ni sauri. Matata ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki, kuma har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ga laifinta ba. Mutanen Sabiyal ba su aiko a mayar da kaya ba, ba su kuma aiko a sa rana ba. Muna nan muna jira. In sun fasa, ni na jawo ma yarinyar, ba ranar kasuwar nan ba, tun waccan ta farko.

Abin da na gano a tafiyar ba shi da yawa. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya, ko mace bayan haihuwa, a kai asibiti da wuri, kada a tsaya neman wanda ya yi. Kuma mutum ya tambayi tsofaffin gidansu abin da ya kashe na gabansa, ya matsa har su faɗi. Ni kuɗin kabu-kabu zuwa Kashin Zama ne kawai tsakanina da gaskiya duk shekarun nan, ban je ba, don na fi son in samu wanda zan ɗora ma.

Shekaranjiya direban akori-kurar Maiyama ya tsaya bakin rumfata, ko injin bai kashe ba. Ya ce mai ɗinkin buhu ya ce a tambaye ni wace rana likitan nan ke zama, kuma ƙarfe nawa mota ke tashi. Na ce sai mi kuma ya ce? Ya ce shi ke nan.

Bai ce ya yafe ba. Ni ma ban aika in tambaya ba. Na dai ce a gaya mashi Talata, kuma zan kama mashi kujerar gaba, shi kaɗai, don ya samu wurin miƙe ƙafa.